Nishin da Ya Fito daga Ɗakin Baba

Daga Allah muka zo, wurinSa kuma kowa ya nufa. Mahaifina ya riga mu isa ranar wata Talata da hantsi, farkon daminar bana, a gidanmu na Balan. Baduku ne, aikinsa ɗinka wa maƙera zugazugi, wato jakar fatar da suke hura wuta da ita. An yi maganganu a kansa bayan ya tafi, shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don jikokinsa su ji labarin daga bakin wadda ta gani.

Ranar farko tabarmi ba su ishe mu ba. Mutane sun zo daga Gaya inda yake cin kasuwa, sun zo daga Toranke inda nake aure, babura sun cika ƙofar gida. Mata suna shigowa, "Ya haƙuri?" muna cewa da godiya, har muryata ta dushe. Wani tsohon maƙeri makaho, abokin Baba tun suna samari, ya sa aka jawo shi har bakin ƙofar Inna, mahaifiyata. Bai yi gaisuwar da aka saba ba. Cewa ya yi, "Yanzu wa zai ɗinke min huhuna?" Zugazuginsa yake nufi. Ya fi shekara goma bai ƙera ko allura ba, amma duk kaka sai Baba ya je ya karɓo zugazugin nan, ya shafa masa mai, ya ɗinke inda ɓera ya taɓa, ya mayar masa, don kawai tsohon ya riƙa zugawa yana jin ƙarar.

Akwai kuma wata gaisuwar. Wata maƙwabciyarmu ta riƙe hannuna ta ce, "Allah dai Ya sa ya cika da imani." Ta ja "dai" ɗin nan har sai da kowa a ɗakin ya sunkuyar da kai. Ba wanda bai san abin da take nufi ba. Shekara biyun ƙarshe na rayuwarsa Baba ya yi su ne yana zuwa birni gyaran wani abin kiɗa a coci.

Da aka fita da makara, na rasa inda zan sa kaina, sai na shiga ɗakin aikinsa. Ɗan ɗakin ƙasa ne mai rufin kwano, jingine da katangar gabas, bayan katangar kuma hanya ce mai zuwa maƙabarta. Warin fata da mai na nan kamar yanzu ya tashi. A saman bango, ƙarƙashin kwano, akwai wasu tabarmi a nannaɗe, sai na hango bakin tsohuwar hularsa ya leƙo daga tsakaninsu. Na taka kujerarsa na zaro ta da ƙyar, don an cusa ta sosai. Na ɓoye ta a cikin zanina ban gaya wa kowa ba, saboda na san in aka zo rabon kaya ba za a ba mace hula ba.

Ranar sadakar uku, bayan la'asar, hadari ya haɗo daga gabas. Muna tsakar gida muna kwashe ƙwaryar gumba kafin ruwa ya sauko. Iska ta taso, sai muka ji shi.

Nishi ne, mai kauri, mai tsawo. Kafin kunnena ya ji, tafin ƙafata da ƙirjina sun riga sun ji. Kwanon shan da ke kan randa ya kama rawa. Ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa, kamar babban mutum da aka danne wa ƙirji yana neman numfashi. Daga wajen ɗakin Baba yake fitowa, daga gefen maƙabarta. Mata suka watse, kowa ta yi ta kanta, wata ta bar takalminta wata ta bar ɗanta. Ni kaɗai na rage a tsakar gida. Ina tsaye da ƙwarya a hannu ina salati, har ruwa ya sauko nishin ya tsaya.

Kafin magariba duk Balan ta ji. Ba wanda ya furta a gabanmu, amma ga abin da ake faɗa a bayanmu: mutumin da ya yi wa coci aiki ne ake wa azaba a kabari.

Bari in faɗi wane ne shi, kafin in ci gaba.

Mutum ne gajere, mai faɗin hannu, ba ya son hayaniya. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka "Uwata" yake kirana, kuma da gaske yake yi. In na yi masa faɗan ya bar cin goro sai ya ce, "To Uwata, na ji," ya juya ya ɓare wani. In ya gama ɗinka zugazugi ba ya yarda da idonsa. Sai ya hura shi ya cika, ya toshe bakin, ya jiƙa kumatunsa da ruwa, ya riƙa bin ɗinkin da kumatu a hankali. Ya ce ido na ƙarya, amma jiƙaƙƙen kumatu ba ya ɓoye iska ko ta ramin allura ce. Haka yake yi wa jikokinsa in sun yi barcin rana mai nauyi, ya kai kumatu kusa da hancinsu, sannan ya koma aikinsa.

Aikin coci ya zo masa ne a kasuwar Gaya. Wani dattijo Kirista, wanda shi ke kaɗa abin kiɗan cocinsu a Sabon Gari, ya yi ta yawo yana neman wanda ya iya ɗinkin fatar da ba ta yoyon iska. Maƙeran birni suka kwatanta masa Baba. Abin kiɗan ogan suke ce masa. Ya yi shekara da shekaru a bebe, gara ta ci katakonsa, ɓeraye sun cinye fatar cikinsa. An samo masu aikin ƙarfe da na katako, saura fata.

Ni ban taɓa ganinsa ba sai a hoton waya, amma Baba ya kwatanta min shi har na haddace. Ya ce tsayinsa ya fi zaurenmu. Bututai ne jere sahu-sahu, na ƙarfe da na katako, wani bai fi ɗan yatsa ba, wani ya fi mutum tsawo, kowanne da muryarsa guda ɗaya tak. Kowane bututu yana da ƙafa inda iska ke shiga, da baki inda murya ke fita. A ƙasa akwai haƙora farare da baƙaƙe da ake dannawa da yatsu, da wasu manya da ake takawa da ƙafa, da wasu 'yan sanduna da ake ja don a zaɓi sahun da zai yi magana. A can ciki kuma akwai huhu, wato zugazugi mai girman gadon ƙarfe, da ɗaruruwan 'yan jakunkunan fata masu buɗewa da rufewa. "Duk girman nan nasa, Uwata," in ji shi, "in fata ta huje, shi da turmi ɗaya ne." Fatar tunkiya ya yi amfani da ita, wadda ya sa aka jeme masa har ta yi laushin ɗankwali. Da rani yake tafiya, bayan an kai amfanin gona gida, ya yi kwana goma ya dawo. In lokacin salla ya yi sai ya fito ya shimfiɗa buzunsa kusa da maigadi.

Rigimar ta tashi ne daga kalma ɗaya. Baba ya dawo daga wata tafiya fuskarsa cike da fara'a, ya zauna a zaure cikin mutane ya ce, "Jiya mun sa masa numfashi, ya yi magana."

Baffa, ƙanensa, mutum ne mai karatu kuma mai zafin zuciya. Ya miƙe tsaye. "Yaya, wa yake sa numfashi in ba Allah ba? Ka ji abin da zama cikinsu ya koya maka?"

Baba ya ce, "Shekara arba'in ina ɗinka wa maƙera zugazugi, kowanne yana numfashi, ba ka taɓa cewa na yi saɓo ba. Iska ta Allah ce. Tawa jaka ce kawai."

"Maƙeri fartanya yake ƙerawa. Su waɗannan me suke yi da shi?"

"Ban tambayi maƙeri wa zai sara da gatarinsa ba."

Sun yi wata biyu ba sa cin tuwo tare. Daga baya dattawa suka shiga tsakani, Baffa ya sassauta bisa sharaɗi ɗaya: kada wani abu na coci ya shigo ta ƙofar gidan nan. Baba ya ce ya yi alkawari. Amma maganar ta riga ta fita, magana kuwa zarar bunu ce. Tun daga ranar ake cewa baduku ya ce shi ya hura wa gunkin coci rai.

Ranin da ya wuce ƙafafunsa suka kumbura, ya daina zuwa birni. Yana jan jiki ya shiga ɗakin aiki ya rufo ƙofa, Inna ta yi ta mita, shi ya yi kamar bai ji ba. Da jikin ya tsananta aka kira ni. Ina zaune a gefensa ranar Talatar, na ga ƙirjinsa ya yi shiru. Ban san lokacin da na jiƙa kumatuna da ruwan kofi na kai kusa da hancinsa ba. Na daɗe a haka ina jira, ban ji komai ba.

To, wannan mutumin ne ake cewa yana nishi a kabari.

Washegarin sadakar uku Baffa ya kira liman suka buɗe ɗakin. Fatu ne, da basilla, da wuƙaƙe, da tabarmi a saman bango. Ba su ga komai ba, rashin ganin kuwa ya fi gani tayar da hankali. Liman ya ce a bar zancen, ɗan'adam ba ya jin abin da ke faruwa a kabari, kuma ba a yanke wa mamaci hukunci. Aka ce masa to, amma da aka fita aka ce ruwa ba ya tsami banza. Masu gaisuwa suka ragu. Tabarmin da muka aro muka mayar da rabi. Maƙeri makaho ne kaɗai bai fasa zuwa ba, kullum yana bakin zaure da sandarsa.

Rana ta biyar da azahar iska ta sake tasowa, nishin ya dawo, ya fi na farko tsawo. Inna tana cikin takaba ba halin ta gudu, sai ta cusa kanta cikin cinyata tana cewa, "Me ya yi? Ke da kika yi boko, gaya min me ya yi." Kuma ga abin da ya fi min ciwo in rubuta: na yarda. Na daina cin abinci. In na ɗaga hannu zan yi masa addu'a sai in ji kamar ina roƙon abin da an riga an rufe ƙofarsa. Na riƙa bin rayuwarsa ina neman inda ya kauce, kamar yadda yake bin ɗinki da kumatu. Hular da na ɓoye ma tsoron taɓa ta nake, ga shi na kasa rabuwa da ita.

Da yamma Baffa ya kira ni gefe. Idonsa ya faɗa, shi ma bai ci komai ba. Ya ce, "Uwata, da hannuna na wanke shi. Da na san haka ne da na ɗaure shi da igiya ban bar shi ya je cocin nan ba." Ya ce jibi sadakar bakwai, amma bai ga wanda zai zo ba, gara a fasa da a shimfiɗa tabarma ba kowa. Ya ce kuma zai fito da duk abin da ke ɗakin ya ƙone. Na ce masa to. Na gane cewa in aka fasa, shi ke nan, an shaida wa duniya cewa mu ma mun yarda, kuma ba mai sake ambaton Baba da addu'a a garin nan.

Ina dawowa wayar Baba ta yi ƙara a cikin kwanon Inna. Na ɗauka. Dattijon cocin ne, yana tambayar jikin abokinsa. Na gaya masa. Ya ce gobe yana tafe. Kunya ta hana ni gaya masa zancen nishin, ta kuma hana ni cewa kada ya zo.

Ya iso rana ta shida bayan azahar, a adaidaita daga Gaya, shi kaɗai. Aka shigo aka ce ga mutumin coci a ƙofar gida. Na leƙa ta zaure na ga samarin unguwa sun taru nesa kaɗan suna kallonsa. Na ji tsoro dominsa, na ji tsoro dominmu. Dogo ne, furfura fes, ya cire takalmi ya durƙusa gaban Baffa ya yi gaisuwa da Hausar da ta fi tawa. Ya roƙi a bar shi ya gai da mai takaba da wadda marigayi ke kira uwarsa. Baffa ya haɗe rai, amma baƙo ne kuma ya girme shi, sai ya shigo da shi tsakar gida.

Yana tsugune a bakin ƙofar Inna yana cewa, "Allah Ya jiƙansa, Allah Ya ba ku haƙuri," gari ya yi duhu daga gabas. Na ga ganyen darbejiya ya fara juyawa. Na ce a raina, ya Allah ban da yanzu, ban da gaban wannan mutumin. Iska ta bugo, nishin ya tashi.

Inna ta ƙanƙame ni. Baffa ya ja da baya yana neman tsari. Dattijon kuwa ya miƙe a hankali, ya karkata kai, ya nufi ɗakin Baba kai tsaye. Ya dafa bangon da tafin hannu ya tsaya yana saurare. Da ya juyo hawaye na bin fuskarsa.

Ya ce, "Ashe ya ƙarasa."

Baffa ya ce, "Ya ƙarasa me?"

Ya nemi a buɗe ɗakin. Ya nuna tabarmin saman bango, shi da Baffa suka warware su. A ciki wani dogon akwatin katako ne mai kusurwa huɗu, ya fi bangon tsawo, shi ya sa siririyar ƙafarsa ta fita waje ta tsakanin bango da kwano, tana fuskantar gabas. Duk wanda ya gan ta daga waje zai ce bakin azara ne. Dattijon ya ce wannan shi ne babban bututun ogan ɗinsu, mai murya mafi kauri, wanda ake takawa da ƙafa. Samansa a toshe yake da murfi mai naɗe da fata, in fatar ta yi yoyo ko kaɗan ba zai yi magana ba. Shi kaɗai ya rage lokacin da ƙafar Baba ta hana shi tafiya, sai Baba ya ce a kawo masa gida a ɓoye.

"Na ce masa ba wani abu na coci da zai shigo ta ƙofar gidan nan," in ji Baffa.

"Ya gaya min. Shi ya sa ya ce mu miƙo shi ta kan katanga."

Baffa ya dubi bututun. Sai ya zauna a kujerar Baba ya yi wata 'yar dariya da ta zarce kuka. "Yaya ke nan. Bai taɓa karya alkawari ba, sai dai ya zagaye shi."

Dattijon ya shafa bakin bututun, ya ce abu ɗaya ne bai gane ba. Da suka yi waya ta ƙarshe Baba ya ce masa saura kaɗan, kuma ya toshe wa abin baki da tsohuwar hularsa kada hadari ya tona masa asiri. "To wa ya cire hular?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na sa hannu a zanina na fito da ita. Inna ce ta leƙo daga ƙofarta ta dube ni ta dubi hular, ta ce, "Kwana uku ban runtsa ba saboda ke."

Dattijon ya ce zai nemo mota a miƙa masa ta katanga yadda aka shigo da shi. Baffa ya ce a'a. "Har gobe ban yarda da aikin nan ba, kuma da yana raye da na sake faɗa masa. Amma ta ƙofa zai fita, da rana tsaka, kowa ya gani."

Da safen sadakar bakwai Baffa ya bi gida-gida da kansa. Mutane suka zo, rabinsu don kallo. Aka fito da bututun ta zaure, mutum huɗu a kafaɗa, ta inda makarar Baba ta bi. Aka shimfiɗe shi a kan turame biyu. Maƙeri makaho ya aika a ɗauko masa zugazuginsa, ya laluba ya haɗa bakinsa da ƙafar bututun, ya naɗe mahaɗar da tsumma, ya fara zugawa. Nishin ya tashi a gaban kowa, sama tas ba gajimare. Wasu sun zabura duk da suna ganin abin da idonsu. Tsohon ya ci gaba da zugawa yana cewa, "Ɗinkinsa ne nan, ɗinkinsa ne can. Ku nuna min inda yake yoyo." Daga nan liman ya ce a zauna, aka zauna, aka yi wa Baba addu'a. Tabarmin da muka mayar sai da muka sake aro su. Maƙwabciyar nan tamu ta zo ita ma, ta ce ita dama ta san ba banza ba, ban tambaye ta me ta sani ba.

An tafi da bututun da azahar. Bayan sati biyu dattijon ya kira ya ce an mayar da shi mazauninsa, kuma in an taka shi bencin coci har rawa yake.

Damina ta yi nisa yanzu. Na koma Toranke, amma ina zuwa duba Inna. Duk sanda hadari ya haɗo ina Balan, sai in tsinci kaina a tsakar gida na daina abin da nake yi, ina fuskantar ɗakin. Iska ta zo ta wuce, kwano ya yi ƙara, shi ke nan. Kwana uku na yi ina roƙon Allah Ya ɗauke min nishin nan, yanzu shirun ne ya fi min nauyi.

Mutanen gari zato suka yi, ba su san shi kamar yadda na san shi ba. Ni da yake kira uwarsa, ni da na ga buzunsa ya huje daidai wurin goshi, ni ce na ji iska na ce azaba ce. Da yana nan na san abin da zai yi, zai ɓare goro ya ce ido ma na ƙarya balle kunne. Amma ba ya nan, ba kuma inda zan same shi in ce ya yafe min.

Allah da Ya ara masa numfashi Ya kuma karɓi abinSa, Ya yalwata masa makwanci, Ya sa iskar Aljanna ta riƙa shigar masa. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a, in ya gama ya ɗan ƙara da ni. Hular tana ƙasan akwatina, har yau ban iya wanke ta ba.